Kwangilar birni a Amurka: a ƙirga kuɗin da aka biya, a bar ƙirga takardu

A shekarar 1973, lokacin da Maynard Jackson ya ci zaɓen magajin garin Atlanta, baƙaƙen fata sun haura rabin mutanen birnin, amma abin da kamfanoninsu ke samu daga kwangilolin hukumar birni bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Haraji kuwa suna biya kamar kowa. Da kuɗinsu ake shimfiɗa titi, a haƙa magudanar ruwa, a sayo motar kashe gobara, amma in an zo rabon aikin sai a ce babu wanda ya iya a cikinsu. A lokacin babu sauran wata doka a rubuce da ta hana su, domin dokokin wariya sun faɗi tun 1964. Abin da ya rage shi ne sabo. Jami'in da ke ba da aiki ya san waɗanda yake kira, babban ɗan kwangila ya san waɗanda yake yanka wa ƙananan ayyuka, manajan banki ya san waɗanda yake ba bashi, kuma duk mutanen nan tare suke cin abinci, tare suke zuwa coci.

Jackson, baƙar fata na farko da ya riƙe birnin, ya tarar da shirin gina sabon ɓangaren fasinjoji a filin jirgin saman Atlanta, aiki mafi tsoka da birnin ke da shi a wancan zamani. Sai ya ce kashi 25 cikin ɗari na aikin dole ya shiga hannun kamfanonin tsiraru, wato na baƙaƙen fata da sauran waɗanda ba farar fata ba, ko dai su karɓa kai tsaye ko kuma manyan kamfanoni su yi haɗin gwiwa da su. Manyan 'yan kasuwar gari suka tayar da jijiyar wuya, suka ce zai lalata aikin, kuɗi zai ƙaru, lokaci zai ƙure. Ya tsaya a kan bakansa, ya bar aikin a ajiye har sai da suka sauko. A 1980 aka buɗe ginin a kan lokaci, ba tare da an zarce kasafin da aka yi masa ba. Kafin nan, a 1978, rabon kamfanonin tsiraru a kwangilolin birnin ya kusa kashi 39 cikin ɗari. Masu gini baƙaƙen fata irin su Herman Russell sun ƙara ƙarfi a wannan zamani har suka shiga sahun manya. Filin jirgin yau yana ɗauke da sunan Jackson.

Na fara da Atlanta ne domin duk wanda zai yi gardama a kan dokokin da ke ware wa kamfanonin tsiraru kaso a kwangilar gwamnati ya kamata ya fara amsa tambaya ɗaya: ina waɗancan magina da masu haɗa wutar lantarki da masu tuƙa manyan motoci suke kafin 1973? Cikin shekara biyar ba a haifi sababbin ƙwararru ba. Suna nan tun farko, ƙofa ce ba a buɗe musu ba. Saboda haka ni ina tare da dokokin ba kowa dama a kwangilar gwamnati, kuma ina ganin birnin da ya yi watsi da su ya zaɓi ya koma wa sabon da ya saba. Sai dai goyon bayan nan nawa yana tafe da ƙorafi mai nauyi, domin abin da Jackson ya yi da ƙarfin hali, birane da yawa sun mayar da shi aikin cike fom.

Ga yadda tsarin yake a yau. Kusan kowane babban birni a Amurka yana da ofishin da ke ba kamfani takardar shaida cewa mallakar tsiraru ne, ko mallakar mace, ko kuma ƙaramin kamfani ne na cikin gari. Sharaɗin da aka fi sani shi ne mai neman takardar ya mallaki aƙalla kashi 51 cikin ɗari na kamfanin, kuma ya zama shi ke juya shi kullum: shi ke sa hannu a cek, shi ke ɗaukar ma'aikata, shi ya san aikin. Za a nemi takardun haraji na shekarun baya, da bayanan asusun banki, da yarjejeniyar hayar ofis, da shaidar inda jarin farko ya fito. Wani lokaci jami'i zai zo ya ga wurin da idonsa. Idan aka ba ka takardar, sunanka zai shiga kundin da hukumomin birni da manyan 'yan kwangila ke dubawa. Idan birni ya fitar da babban aiki, sai ya gindaya cewa wani kaso na kuɗin ya tafi ga kamfanonin da ke cikin kundin, ko kuma wanda ya ci kwangilar ya nuna cewa ya nema da gaske bai samu ba.

Wannan magana ta shafi 'yan uwanmu kai tsaye. A unguwar Bronx ta birnin New York akwai Hausawa da mutanen zango daga Ghana da Nijar da Najeriya, wasu da kamfanin share-share, wasu da motocin jigila, wasu da sana'ar dafa abinci ko gyaran gidaje. Wanda ya zama ɗan ƙasa ko yake da katin izinin zama na dindindin, kuma kamfaninsa ya yi aƙalla shekara ɗaya yana aiki, yana iya neman wannan takarda a New York, domin ma'anar baƙar fata a dokar ta haɗa da wanda asalinsa Afirka ne. Ina ƙarfafa musu gwiwa su nema. Ina kuma so su riƙa tunawa da cewa jikokin bayin da aka sayar a Amurka ne suka sha duka da ɗauri kafin a kai ga wannan dama, don haka wanda ya zo daga baya ya tarar da ita, ladabi ya wajaba a kansa.

Masu adawa da tsarin suna da hujja, kuma ba zan yi kamar ba su da ita ba. Babbar nasararsu ta zo ne daga birnin Richmond na jihar Bajiniya. A 1983 majalisar birnin ta kafa doka cewa duk wanda ya ci kwangilar gini sai ya ba kamfanonin tsiraru kashi 30 cikin ɗari na kuɗin aikin. Dalilinsu a fili yake: rabin mutanen Richmond baƙaƙe ne, amma cikin shekara biyar da suka gabata kashi 0.67 cikin ɗari kacal na manyan kwangilolin gini ya je ga kamfanonin tsiraru. Wani kamfani mai suna J.A. Croson ya nemi aikin sanya kayan bayan gida a gidan yarin birnin, ya rasa aikin saboda bai cika wannan sharaɗi ba, ya garzaya kotu. A watan Janairun 1989 Kotun Ƙoli, da alƙalai shida a kan uku, ta soke dokar. Mai shari'a Sandra Day O'Connor ce ta rubuta hukuncin. Ta ce bai isa birni ya kafa hujja da wariyar da ta game ƙasa gaba ɗaya ba, sai ya nuna wariyar da aka yi a harkar gini a cikin garinsa, kuma ya kwatanta rabon kwangila da yawan kamfanonin da suka cancanta, ba da yawan jama'a ba. Ta kuma lura cewa dokar ta lissafa har da mutanen Aleut da Eskimo na can Alaska, waɗanda mai yiwuwa ko ɗaya daga cikinsu bai taɓa zama a Richmond ba.

A wannan gaɓa ta ƙarshe tana da gaskiya. Majalisar ta kwafo jerin sunayen ne daga dokar tarayya ba tare da ta dubi garinta ba, kuma ganganci irin wannan shi ke ba abokan gaba makami. Amma a kan asalin maganar, zuciyata tana tare da mai shari'a Thurgood Marshall, wanda ya ƙi amincewa da hukuncin, ya tunatar da kotun cewa Richmond ita ce tsohuwar hedikwatar jihohin kudu da suka yi yaƙi don ci gaba da bauta. Shugabannin irin wannan gari ba sa bukatar wani ya koya musu abin da wariya ta yi a titunansu. Kuma batun kwatantawa da yawan kamfanonin da suka cancanta yana da wani rami a cikinsa: idan an shekara ɗari ana hana mutane shiga ƙungiyoyin magina, ana hana su bashi, to dole kamfanoninsu su yi kaɗan. Ƙarancin nan shi kansa ɗan wariyar ne, sai ga shi an mayar da shi ma'aunin da za a ce babu wariya.

Hukunci dai ya zauna. Tun daga lokacin, birnin da ke son ya ware kaso bisa launin fata sai ya ɗauki masana su yi binciken giɓi, wato su auna abin da kamfanonin tsiraru ke samu da abin da ya kamata su samu bisa yawansu a kasuwa. Atlanta kanta, bayan kotun jihar Jojiya ta soke shirinta a 1989, sai da ta sa masana tattalin arziki Andrew Brimmer da Ray Marshall suka yi irin wannan bincike kafin ta sake kafa shi. Bincike abu ne mai kyau, ban ƙi shi ba. Abin da ke damuna shi ne yadda hankalin hukumomi ya koma kan kare shirin a gaban kotu, aka bar tambayar ko kuɗi na isa hannun mutane.

A dubi New York, birnin da ke sayen kaya da ayyuka na dala biliyoyi a kowace shekara. Kamfanonin da ke riƙe da takardar shaidar birnin sun haura dubu goma, kuma shugabanni na son ambaton wannan adadi a taron manema labarai. Amma rahotannin da ofishin kwanturolan birnin, mai sa ido a kan kuɗin birni, ke fitarwa duk shekara sun sha nuna cewa rabon waɗannan kamfanoni a ƙimar kwangilolin birni yana yawo ne a wajen kashi 5 cikin ɗari. Na baƙaƙen fata kaɗai bai kai kashi 2 ba. Kuma a cikin masu takardar, wajen ɗaya cikin biyar ne ke ganin wani aiki daga birni a shekara. Sauran huɗun sun tattara takardun haraji, sun biya akanta, sun jira watanni, an sa sunansu a kundi, shi ke nan.

Me ya sa? Amsar tana cikin abubuwan da takardar shaida ba ta taɓa su, kuma a nan nake so mai karatu ya dakata.

Na farko shi ne lamuni. A aikin gini na gwamnati, kafin ka fara sai ka kawo takarda daga kamfanin inshora da ke tsaya maka cewa in ka kasa gama aikin ko ka ƙi biyan ma'aikata da masu kawo kaya, shi zai biya. Kamfanin inshora kuwa ba ya tsaya wa mutum sai ya ga tarihin ayyukan da ya gama masu girman wanda yake nema, ya ga kuɗi a asusu, sau da yawa har ya nemi mai kamfanin ya jingina gidansa. To wanda iyayensa ba su bar masa gida ba, domin an hana su bashin sayen gida a unguwarsu, me zai jingina? Ba za a ba shi babban aiki ba sai da lamuni, ba za a ba shi lamuni ba sai ya taɓa yin babban aiki. Yana riƙe da takardar shaida a hannu, yana tsaye a waje.

Sai girman kwangila. Ya fi wa jami'i sauƙi ya haɗe gyaran gine-gine ashirin a kwangila guda, ya yi hulɗa da kamfani ɗaya, ya sa hannu sau ɗaya. Da ya yi haka, ya riga ya fitar da duk ƙananan kamfanonin gari daga takara tun kafin a buga sanarwa. Abin da ya rage musu shi ne su jira babban kamfani ya yanka musu wani yanki, a farashin da ya ga dama.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne jinkirin biya. Babban kamfani yana da layin bashi a banki, zai iya jiran wata shida. Mai ma'aikata takwas ba zai iya ba. Ranar Juma'a sai ya biya albashi, mai sayar da siminti yana jiransa, kuɗin inshorar mota ba ya jira. A New York rahotannin kwanturola sun nuna cewa fiye da rabin kwangiloli ana yi musu rajista ne bayan ranar fara aiki ta wuce, kuma ba a biyan ko sisi sai an yi rajistar. Wato ƙaramin ɗan kasuwa ne ke ranta wa birni mai biliyoyi kuɗi, babu ruwa, babu godiya. Idan kuma a ƙarƙashin babban ɗan kwangila yake, sai an biya wancan tukuna, sannan shi ya fara bin bashinsa. Akwai kamfanonin da rashin aiki bai kashe su ba, cin kwangilar gwamnati ce ta kashe su. Duk ɗan kwangilar da ya taɓa bin fayil daga tebur zuwa tebur a wata sakatariya a Najeriya ya san wannan ciwo, ba sai an fassara masa ba.

Abin lura, O'Connor da kanta ta lissafa irin waɗannan magunguna a hukuncin 1989: a sauƙaƙa hanyar neman kwangila, a sassauta sharaɗin lamuni, a taimaka wa ƙananan 'yan kasuwa da horo da jari. Babu kotun da ta hana birni yin ko ɗaya daga ciki. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, kuma har yanzu su ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, domin suna bukatar birni ya canza yadda yake aiki, alhali ba da takarda ba ya bukatar komai sai ofis da hatimi. Inda aka gwada kuwa ana ganin alama. A New York an ba hukumomi ikon sayen kaya ko aiki kai tsaye daga masu takardar shaida ba tare da doguwar takara ba, kuma an yi ta ɗaga iyakar kuɗin har ta kai dala miliyan 1.5 a 2023. Wannan hanya ta fi kusa da abin da nake nufi, domin tana mayar da ƙaramin kamfani shi ne mai kwangilar da kansa, sunansa ne a takarda, shi ake biya, kuma gobe yana da tarihin da zai nuna wa kamfanin inshora.

Akwai kuma ɓarna daga ciki, wadda dole a faɗe ta. Duk inda aka ware kaso, sai an sami masu kafa kamfanin jeka-na-yi-ka. A Shikago, wani ɗan kasuwa farar fata mai suna James Duff ya sa sunan mahaifiyarsa a matsayin mai wani kamfanin share-share, ya sa sunan wani baƙar fata a matsayin mai wani kamfanin, alhali shi ke juya su duka. Ta wannan hanya ya kwashi kwangilolin da suka haura dala miliyan 100 waɗanda aka tanada don mata da tsiraru. A 2005 ya amsa laifinsa, aka yanke masa ɗaurin kusan shekara goma. Shekaru ya yi yana wannan aiki da takardar shaidar birni a hannunsa. Ofishin da ke wahalar da mai gaskiya a kan takarda ɗaya da ta ɓace, shi ne ya kasa zuwa ya ga wa ke zaune a kujerar shugaban kamfani.

Akwai nau'in da ya fi wannan yawa kuma ya fi wuyar kamawa. Babban kamfani zai sayi kayansa inda ya saba saye, amma sai a bi da takardar kuɗin ta hannun wani mai takardar shaida, a ba shi kashi biyu ko uku cikin ɗari ladan aron suna. A rahoto za a rubuta cewa kamfanin tsiraru ya yi aikin dala miliyan ɗaya. A zahiri bai ɗauki ma'aikaci ko ɗaya ba, bai koyi komai ba, bai sayi ko shebur ba.

A nan ina magana da 'yan uwana na Bronx da Shikago da sauran birane kai tsaye. Ranar da ka sami takardar nan, za a iya zuwa maka da irin wannan tayi, cikin fara'a, a ce ai kowa haka yake yi. Don Allah kada ka karɓa. Shaidar zur ce, ko da sunan kasuwanci aka kira ta. Haƙƙin wani ne kake ci, wanda ya sayi kayan aiki da guminsa yana jiran wannan dama. Kuma laifi ne da gwamnatin tarayya ke kai mutane kurkuku a kansa, wanda ga baƙo yana iya haɗawa da rasa izinin zama. Bayan haka, duk lokacin da aka bankaɗo irin wannan, masu son a rushe tsarin gaba ɗaya su ke samun abin faɗa.

Su kuwa a yanzu al'amura na tafiya yadda suke so. Tun 1996 masu zaɓe a Kalifoniya suka haramta fifiko bisa launin fata ko jinsi a kwangilar gwamnati, wasu jihohi suka bi sahu. A 2023 Kotun Ƙoli ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, kuma ƙararraki a kan shirye-shiryen kwangila suka ƙaru. A watan Oktoban 2025 ma'aikatar sufuri ta tarayya ta cire ƙa'idar da ke ɗaukar mace ko ɗan tsiraru a matsayin wanda aka tauye kai tsaye, ta ce kowa sai ya kawo bayanin tauyewar da shi kansa ya fuskanta. Wannan ya shafi birane, domin filayen jiragensu da layukan jiragen ƙasa da kuɗin tarayya ake gina su.

Birane da dama za su koma ga takardar ƙaramin kamfani ko kamfanin cikin gari, wadda ba ta duba launi, kamar yadda San Francisco ta yi bayan dokar Kalifoniya. Ban ɗauki wannan a matsayin cikakken madadi ba, domin wariyar da ake yi wa mutum saboda fatarsa ba ta gushewa don an daina ambatonta a fom. Amma idan nan aka dosa, to a yi shi da gaske. A sa iyakar ƙanƙanta a inda ƙananan suke, domin idan kamfani mai cinikin dala miliyan talatin a shekara yana cikin ƙanana, mai ma'aikata takwas ba zai taɓa cin takara ba. A raba manyan kwangiloli gida-gida. Birni ya tsaya wa ƙananan kamfanoni a gaban masu inshora, ko ya ɗage sharaɗin lamuni a ƙananan ayyuka. A sa wa hukuma ranar biya, in ta wuce ta biya da tara, kuma a tilasta wa babban ɗan kwangila ya sallami na ƙarƙashinsa cikin 'yan kwanaki da karɓar kuɗinsa. A rage masu duba fom a ofis, a ƙara masu zuwa wurin aiki ba tare da sanarwa ba, su ga motar wa ke ɗauko yashi, sunan wa ke jikin rigar ma'aikata.

Sannan kowace hukumar birni ta riƙa wallafa, duk wata uku, kuɗin da ya fita daga asusunta ya shiga asusun ƙananan kamfanoni, da sunan kamfanin, da unguwar da yake, da launin fata da jinsin mai shi, da yawan kwanakin da ya yi yana jira kafin a biya shi. Kotu ta taƙaita ware kaso bisa launi, amma ba ta hana ƙirgawa ba. Magajin garin da ya zo taro yana cewa mun ba kamfani dubu goma takarda, 'yan jarida da 'yan majalisar birni su tambaye shi nawa daga cikinsu aka biya a bana, kuma bayan kwana nawa.